Digiri na Biyu a Safiyon Ruwa: Inda Ake Yi, Abin da Ake Karantawa, da Shirin da Ya Kamata Ka Yi

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Na kammala digirina na farko a fannin safiyo da taswira a wata jami'a a Arewa, na gama bautar ƙasa bara. A aji huɗu mun yi kwas ɗaya tak na safiyon ruwa, a allo kawai, ko kwale-kwale ba mu shiga ba, amma tun lokacin abin ya kwanta min a rai. Ina son in yi digiri na biyu a kai. Wace jami'a zan nema, waɗanne darussa zan tarar, kuma mene ne wannan Rukunin A da Rukunin B da nake gani ana rubutawa? Gaskiya lissafina matsakaici ne. Sannan mutanen gida suna cewa me ɗan Gombe zai yi da karatun teku. Allah Ya saka da alheri."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Amin, tare da kai. Na ji daɗin wannan tambaya, domin fanni ne da muke da ƙarancin hannu a cikinsa ƙwarai, musamman daga ɓangarenmu. In na fahimce ka, kana son sanin inda ake karatun, abin da ake koyarwa, ma'anar rukunan nan biyu, ko lissafinka zai kai ka, da kuma amsar da za ka ba mutanen gida. Zan fara da rukunan, domin ba za ka iya zaɓen makaranta da idon basira ba sai ka san wanda ke tantance makarantun da abin da yake nema a wurinsu.

Safiyon ruwa, wanda a takardun jami'a za ka ga ana kiransa haidurogirafi, shi ne auna zurfin teku, koguna da tafkuna, da siffar ƙasan da ke ƙarƙashinsu, da hawa da saukar ruwan, a fitar da taswira ko bayanan da matuƙin jirgi, injiniya ko gwamnati za su dogara da su. Ka kula wajen cike fom kada ka haɗa shi da haidurolaji, wanda ya shafi ruwan sama, ambaliya da yawan ruwan da kogi ke ɗauka. Akwai matasan da suka nemi ɗaya suna nufin ɗayan, ba su ankara ba sai da karatu ya yi nisa.

Rukunin A da Rukunin B

Matuƙin babban jirgi da ya taso daga Koriya zai shiga tashar Legas bai san wanda ya auna mashigar ba, bai kuma taɓa ganinsa ba. Lambar da ke kan taswira kawai zai karanta, ya ɗora mata jirginsa da rayukan mutanensa. Saboda haka ƙasashe suka ga dole aikin ya zama iri ɗaya ko'ina. An kafa ofishin da ya zama Ƙungiyar Safiyon Ruwa ta Duniya, IHO, a 1921, hedkwatarta tana Monako, kuma Najeriya mamba ce. Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS, a babi na 5, doka ta 9, ta ɗora wa kowace ƙasa da ta sa hannu nauyin auna ruwanta da buga taswirori da sabunta su.

IHO tare da ƙungiyar masu safiyo ta duniya, FIG, da ta masu zana taswira, ICA, suna da kwamiti guda mai suna IBSC, shi ke duba manhajar karatun makarantu. Kundin S-5A ya zayyana abin da za a koyar a Rukunin A, S-5B kuma na Rukunin B. Akwai S-8A da S-8B na masu zana taswirar jiragen ruwa, wannan wata hanya ce daban. Rukunin B horo ne na wanda zai riƙe na'ura a cikin jirgi, ya tattara bayanai, ya tace su bisa tsarin da aka ba shi. Mafi ƙarancin tsawonsa mako 24. Rukunin A na wanda zai tsara aikin tun daga tushe ne, ya zaɓi kayan aiki, ya gano dalilin matsala idan ta taso, ya sa hannu a rahoton ƙarshe. Mafi ƙarancinsa mako 40, kuma mafi yawan digiri na biyu da ake yi a fannin a nan suke. Duka biyun suna ƙarewa da aikin fili a kan ruwa na aƙalla mako 4.

Abubuwa biyu nake so ka riƙe a nan. Na farko, kwamitin makaranta yake tantancewa, ba ɗalibi ba. Takardarka za ta nuna ka kammala karatun da aka amince da shi, amma zama ƙwararren da ake jin maganarsa sai an haɗa da shekarun aiki a kan ruwa, kuma a gida rajista da hukumar masu safiyo, SURCON, tana nan a matsayinta. Na biyu, amincewar ba ta dindindin ba ce, ta shekara 6 ce, sai makaranta ta sake nema. Don haka kada ka dogara da abin da wani ya faɗa maka shekaru biyar da suka wuce, har da ni. IHO tana wallafa jerin makarantun da amincewarsu ke aiki, da shekarar da za ta ƙare. Ka duba jerin kafin ka biya ko sisin kwabo na fom.

Ba ina cewa digirin da ba ya cikin jerin banza ba ne. Idan koyarwa a jami'a kake nufi, ko aikin madatsan ruwa a gida, zai yi maka amfani. Amma manyan kamfanonin da ke aikin teku da hukumomin sojin ruwa sukan rubuta rukunin ƙarara a cikin sharuɗɗan kwangila, kuma wanda ba shi da shi yakan daɗe a baya ko da ya fi iya aiki.

Abin da za ka tarar a aji

Manhajar Rukunin A hawa uku ce. Ƙasa akwai lissafi da ƙididdiga, kwamfuta, fiziks, ilimin tuƙin jirgi da yanayi. Tsakiya akwai siffar duniya da tsarin awonta, ilimin teku, da ilimin duwatsu da ƙasan teku. Sama kuma sai fannin kansa: gano matsayi, na'urorin sauti na ƙarƙashin ruwa, awo daga jirgin sama da tauraron ɗan'adam, tsara aikin safiyo, hawa da saukar ruwa, tace bayanai da adana su, da shari'ar teku. Jerin sunaye ba zai nuna maka nauyin abin ba, don haka bari in bi da kai ta awo guda ɗaya, ka ga yadda darussan suke shiga juna.

Kana cikin jirgi, na'ura ta aika sauti ƙasa, ya bugi ƙasan ruwa ya dawo. Na'urar ba zurfi take aunawa ba, lokaci take aunawa. Zurfin shi ne saurin sauti sau lokacin, a raba biyu. Saurin sauti a ruwan teku yana kusa da mita 1,500 a daƙiƙa, amma yana sauyawa da zafin ruwa, da gishirinsa, da zurfinsa. Idan ka yi kuskuren mita 15 a daƙiƙa, kashi 1 cikin 100 ke nan, a zurfin mita 20 ka yi kuskuren santimita 20. A bakin kogi, inda ruwan daɗi ke kwance a kan ruwan gishiri, saurin kan sauya tsakanin safe da azahar a wuri guda. Darasin sauti a ruwa da na ilimin teku a nan suke haɗuwa, kuma shi ya sa za ka riƙa tsayar da jirgi kana zura na'urar auna saurin sauti daga sama har ƙasa sau da yawa a yini.

Wannan na na'ura mai harbi ɗaya ne, wadda ke kallon ƙasa kai tsaye. Yau aikin tashoshi da na teku da maltibim ake yinsa, na'urar da ke buɗe ɗaruruwan harbi kamar mafici, ta share faɗin da ya ninka zurfin ruwan sau uku ko fiye a wucewa ɗaya. Harbin da ya tafi a karkace yana lanƙwasa idan ya ratsa ruwa mai zafi daban, kamar yadda ludayi kan yi kamar ya karye a cikin kwanon ruwa. Idan ba ka lissafa lanƙwasar daidai ba, ƙasa shimfiɗaɗɗa za ta fito a kwamfuta gefunanta sun ɗaga sama ko sun rusuna. Ƙari a kan haka, jirgin ba tsaye yake ba: yana jirkicewa hagu da dama, yana sunkuyawa gaba da baya, igiya tana ɗaga shi tana sauke shi. A zurfin mita 30, harbin da ya fita a kusurwar digiri 60 yana sauka kimanin mita 52 daga ƙarƙashin jirgi. Kuskuren rabin digiri a jirkicewa zai ba ka kuskuren zurfi na kusan santimita 45 a can gefe. Saboda haka akwai darasi sukutum a kan na'urar da ke auna motsin jirgi, da yadda ake auna tazarar da ke tsakanin eriyar GPS da kan na'urar sauti har zuwa santimita, da gwajin daidaita kusurwoyi da ake yi kafin a fara kowane aiki.

To ka samu zurfi. Zurfi daga ina? Ruwan da ka auna daga samansa da ƙarfe tara ba a nan yake da ƙarfe uku ba. Babban ɓangaren cikowa da janyewar teku, wanda wata ke jawowa, yana zagayowa duk awa 12 da minti 25. A Legas tazarar hawa da saukar ba ta cika wuce mita ɗaya ba sosai, amma tana ƙaruwa yayin da kake yin gabas zuwa Boni da Kalaba. Za ka koyi kafa ma'aunin ruwa a gaɓa, ka tattara bayanan aƙalla wata guda, ka warware su zuwa ɓangarorinsu da lissafi, ka gane dalilin da ya sa cikakken zagayen yake ɗaukar shekara 18.6, sannan ka mayar da kowane zurfi kan mafi ƙanƙantar matakin ruwa da taswira ke aiki da shi. Kai da ka yi safiyon ƙasa kana da ribar farawa a nan. Ka riga ka san datum na Minna, wato tushen awon taswirar Najeriya, da bambancinsa da WGS84 da GPS ke aiki da shi, ka san wanda ya cakuɗa su zai ga wurinsa ya goce da gomman mitoci. Abokan karatunka da suka fito daga ilimin teku ko ilimin duwatsu a nan za su sha wuya, kai kuma za ka sha taka a ilimin sauti da na igiyar ruwa.

Duk waɗannan kurakurai ana tara su da lissafi a fitar da lamba guda, wato gejin rashin tabbas na kowane awo. Kundin S-44 na IHO, wanda bugunsa na 6 ya fito a 2020, ya raba aikin safiyo daraja-daraja, ya faɗi iyakar kuskuren da aka yarda da shi a kowace. A daraja ta musamman, wadda ake nema a mashigar tashoshi inda ƙasan jirgi ke kusa da taɓa ƙasa, iyakar a zurfin mita 30 kimanin santimita 34 ce, kuma dole ka iya gano duk abin da ya kai girman mita ɗaya ta kowane ɓangare a kwance a ƙasa. Ka ga rabin digirin nan shi kaɗai ya fitar da kai daga layi. A ganina wannan shi ne zuciyar digirin. Danna maɓallan manhaja yaro mai kaifin kai zai koya cikin makonni. Abin da ake biyan mai Rukunin A dominsa shi ne ya iya cewa zurfin nan mita kaza ne, kuskurensa bai wuce kaza ba, ga hujja, ya kuma tsaya a kan maganarsa gaban ɗan kwangila ko gaban kotu.

Kuma kotun ba misali ba ce. Ɗauki hanyar jirgi mai tsawon kilomita 5 da faɗin mita 200 da aka ba da kwangilar yashe ta. Murabba'in mita miliyan 1 ke nan. Kuskuren santimita 10 tsakanin awon farko da na ƙarshe ya zama mita mai cubic dubu 100 na yashi, wanda ko dai za a biya ba a kwashe ba, ko a kwashe ba a biya ba. Na zauna a tarukan da ɓangarori biyu suka kusa ba hammata iska a kan irin wannan, da aka bi diddigi sai aka tarar ɗaya ya yi awo da sauti mai kaifi na kilohaz 200, wanda ke dawowa daga saman taɓo mai laushi, ɗayan kuma da na kilohaz 33, wanda ke ratsa taɓon ya kai ƙasa mai tauri. Kowa gaskiyarsa ya faɗa, ƙasa biyu daban suka auna, kuma takardar kwangilar ba ta fayyace wadda ake nufi ba.

Sauran darussan zan wuce su da sauri. Za ka koyi sona, wato na'urar sauti, mai kallon gefe don gano tarkacen jirage da bututu, da awo da hasken lesa daga jirgin sama a ruwa mai garau, da ƙiyasta zurfi daga hoton tauraron ɗan'adam. Za ka koyi taswirar lantarki da jirage ke amfani da ita, tsohon tsarinta na S-57 da sabon S-100 da ake komawa kansa yanzu. Za ka yi aiki da manhajoji irin su CARIS, Qimera da HYPACK. Shari'ar teku kuwa kada ka raina ta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasa mil 12 na ruwan mallaka da mil 200 na yankin tattalin arziki, kuma sashe na 76 ya ba ta damar neman ƙari idan ta tabbatar da awo cewa doron ƙasarta ya miƙe ƙarƙashin teku. Ta wannan hanya Najeriya ta samu ƙarin kimanin murabba'in kilomita 16,300 na ƙasan teku, kuma hujjar da aka gabatar aikin masu safiyon ruwa ce da masana ƙasan teku.

Makarantun

A Amurka akwai biyu da suka yi suna. Jami'ar Southern Mississippi tana yin digiri na biyu a safiyon ruwa cikin shekara guda, a harabarta da ke cibiyar Stennis, kusa da ofishin nazarin teku na sojin ruwan Amurka. Karatu ne matsattse, babu numfashi, yana ƙarewa da aikin fili, kuma yawancin ɗalibansa ma'aikata ne da hukumominsu suka turo. Jami'ar New Hampshire tana da cibiyar taswirar teku da take gudanarwa tare da NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka; can bincike ya fi ƙarfi, digirin yakan ɗauki shekara biyu da kundin bincike, kuma ita ce ta fi dacewa da mai niyyar wucewa digiri na uku. A Kanada akwai Jami'ar New Brunswick, wadda ta daɗe a binciken maltibim.

A Ingila akwai Jami'ar Plymouth, mai digiri na shekara guda a garin da ke bakin teku, da kuma jami'ar UCL a Landan, wadda ke koyarwa tare da hukumar tashar Landan a kan kogin Thames. A Jamus, Jami'ar HafenCity da ke Hamburg tana yin shekara biyu, da Turancin Ingilishi, a ƙarƙashin sashen jiyodesi, wato ilimin auna siffar duniya, wanda ya yi daidai da irin digirinka. A Faransa akwai makarantar injiniya ta ENSTA a Brest, wadda za ta fi sauƙi ga 'yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Chadi masu Faransanci. Jami'ar Fasaha ta Maleshiya ta daɗe tana gudanar da kwasa-kwasan rukunan biyu. Cibiyar safiyon ruwa ta sojin ruwan Indiya a Goa ta horar da jami'ai da yawa daga Afirka, amma ƙofarta ta hafsoshi ce da gwamnatoci ke turowa.

A gida, rundunar sojin ruwa tana da makarantar safiyon ruwa a Fatakwal, kuma tun 2021 tana da jirgin safiyo na zamani, NNS Lana, mai tsawon mita 60, wanda aka ƙera a Faransa. Sassan safiyo na wasu jami'o'inmu, musamman na Legas da Fatakwal da ke kusa da ruwa, suna ba ɗalibin digiri na biyu damar karkata bincikensa zuwa wannan fanni. Kafin ka shiga kowace, ta gida ko ta waje, ka rubuta wa shugaban sashe ka tambaye shi abu uku: kwana nawa ɗalibi ke yi a kan ruwa, shin makarantar tana da jirgi da maltibim nata ko aro take yi, kuma ina ɗaliban shekaru biyu da suka wuce suke aiki yanzu. Inda aka kasa amsa tambaya ta farko da lamba, ka yi tunani sau biyu, domin ka riga ka ɗanɗana karatun allo a aji huɗu.

Idan ka ce in zaɓa maka, ga mai irin takardarka da ba shi da hukuma a bayansa, Hamburg zan fara dubawa, saboda babu kuɗin makaranta irin na Ingila sai ɗan kuɗin zango, kuma shekara biyu tana ba mai matsakaicin lissafi lokacin cim ma sauran. Sai dai biza tana buƙatar ka nuna kuɗin zaman shekara guda a asusu, wanda a 'yan shekarun nan ya kusa Yuro dubu 12. Wannan ra'ayina ne, kuma aikina ya fi yawa a tashoshi, koguna da madatsai. Wanda ya yi rayuwarsa a binciken zurfin teku zai iya ce maka New Hampshire, kuma yana da hujja.

Kuɗi

Tun 2004 gidauniyar Nippon ta Japan tare da GEBCO, shirin taswirar zurfin tekunan duniya, suke ɗaukar nauyin ɗalibai 6 duk shekara daga ƙasashe daban-daban, su yi shekara guda a New Hampshire suna koyon taswirar zurfin teku, kuma 'yan Afirka suna samu. Gasar tana da zafi. Shirin Seabed 2030 na auna ƙasan teku baki ɗaya, wanda suka ƙaddamar a 2017 lokacin da kashi 6 cikin 100 kacal na ƙasan teku aka auna da kyau, yanzu ya kai adadin ya ɗan haura rubu'i, kuma da yawa daga masu aikin tsofaffin ɗaliban wannan tallafi ne. IHO da Koriya ta Kudu suna biyan kuɗin wasu ɗalibai a Southern Mississippi, amma ta hannun hukumar safiyon ruwa ta ƙasa ake gabatar da suna, don haka sai kana ciki. A gida akwai tallafin karatu a waje na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ka duba ko fannin yana cikin jerin shekarar da za ka nema. Akwai TETFund idan ka samu koyarwa a jami'a ko kwalejin fasaha ta gwamnati. Akwai tallafin Commonwealth da na DAAD na Jamus. Chevening ta Birtaniya kuma tana neman shekara biyu na aiki. Idan kana da ƙanwa ko abokiyar karatu mai sha'awa, ka sanar da ita IHO tana da shiri na musamman na ƙarfafa mata a fannin.

Za ka lura kusan duk waɗannan ƙofofi sun fi buɗewa ga wanda ya riga ya taɓa aikin. Shi ya sa shawarata ita ce kada ka yi gaggawar tafiya bana. Ka nemi shekara ɗaya ko biyu a kamfanin safiyo da ke aikin ruwa a Legas, Fatakwal ko Warri, ko da a matsayin mataimaki mai ɗaukar kaya, ko a wani aikin auna madatsa kusa da gida. Za ka san ko cikinka yana jure teku, domin akwai masu ilimi da jiri da amai suka mayar da su ofis har abada, kuma gara ka sani kafin a kashe maka miliyoyi. Za ka samu abin rubutawa a takardar neman gurbi wanda ya wuce sha'awa. Idan ka shiga aji kuma, malami yana maganar lanƙwasar sauti, kai ka riga ka gan ta a allon kwamfuta da idonka. Ka koyi iyo tun yanzu, da gaske nake. Aikin kamfanonin mai a teku kuma yana buƙatar horon tsira na BOSIET da gwajin lafiya, yawanci mai ɗaukarka aiki ne zai tura ka.

Maganar lissafi

Ba zan ɓoye maka ba, matsakaicin lissafi zai wahalar da kai a zangon farko, kuma a nan ne ɗalibai suka fi zubewa. Amma abin da ake buƙata sananne ne, ba shi da yawan da ya fi ƙarfin shekara guda ta shiri. Ka koma kan aljabarar matiris har ka iya juya tsarin awo daga na jirgi zuwa na duniya da hannunka. Ka koma kan lissafin daidaita awo da kuka yi a aji uku ko huɗu, da yadda kuskure ke yaɗuwa daga awo zuwa sakamako, ka fahimci dalilin kowane mataki, ba haddar da muke yi don jarrabawa ba. Ka sabunta kalkulas da tirigonometiri, ka ɗan leƙa yadda ake warware igiya zuwa ɓangarorinta, domin da shi ake nazarin sauti da cikowar teku duka. Sannan ka koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta. Bayanan zurfin teku na GEBCO kyauta ne a intanet, manhajar QGIS da MB-System su ma kyauta ne. Ka sauke na gaɓar Najeriya, ka zana, ka yanka, ka lissafa. Ɗan ƙaramin aiki irin wannan da ka yi da kanka yana da nauyi a idon masu tantance takardu fiye da yadda kake zato.

Me ɗan Gombe zai yi da shi

Mutanen gida ba su yi laifi ba da suka tambaya, kuma amsar tana kusa da su. Madatsar Dadin Kowa a jiharku take. Kowace damina kogin Gongola yana kawo yashi da laka ya zube a cikinta, haka Tiga da Challawa a Kano, Goronyo da Bakolori a ƙasar Sakkwato da Zamfara, Kainji, Jebba da Shiroro masu ba mu wuta. Lambar da ke rubuce a takarda ta yawan ruwan da madatsa ke ɗauka ta ranar da aka gina ta ce. Kainji tun 1968 take, Tiga tun 1974. Ba wanda zai san abin da ya rage sai an shiga da jirgi an auna. Tafkin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 100, idan laka ta hau santimita 10 kacal, ya rasa wurin ruwa na mita mai cubic miliyan 10, kuma wannan yana shafar yawan kadadar da za a ba ruwa da rani da yawan ambaliyar da madatsar za ta iya riƙewa da damina. Bayan abin da ya faru da Maiduguri a Satumbar 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ba sai an yi wa kowa dogon bayani kan muhimmancin sanin halin da madatsanmu suke ciki ba.

Akwai kuma Neja da Binuwai. Hukumar hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, hedkwatarta a Lakwaja take, kuma tashar Baro ba za ta yi aiki ba sai an san inda hanyar jirgi take, alhali tsibiran yashi suna ƙaura duk shekara. Haɗurran kwale-kwale da ke cinye mana jama'a a Neja, Kebbi da Kwara suna da dalilai da yawa, lodi fiye da kima da tafiyar dare da rashin rigar ruwa, amma kututturan itace da ba a yi musu alama ba suna cikin dalilan, kuma gano su da sa su a taswira aikinmu ne. Tafkin Chadi ma yana nan, da hukumarsa a Njamena.

Sai dai in faɗa maka gaskiyar kasuwa. Aikin da ke biya sosai kuma a kai a kai har yanzu a Kudu yake da ƙasashen waje: tashoshi, yashe hanyoyi, bututun mai, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, da gonakin injin iska a tekun Turai. Aikin madatsai a Arewa yana zuwa ne jefi-jefi, idan an samu kasafi ko tallafin waje. Mai wannan sana'a yakan yi makonni a jirgi ba ya gida, wani lokaci azumi da salla su same shi a can. Ka zauna da iyayenka ka faɗa musu wannan tun yanzu, kafin maganar aure ta taso, domin su san irin rayuwar da kake zaɓa su sa maka albarka a kanta.

Idan ka fara neman aikin, ka rubuta a takardarka cewa kana iya kafa tashar GPS ta gyaran matsayi, kana iya jan lebur daga alamar gwamnati zuwa bakin ruwa. Kowane ayarin safiyon ruwa yana buƙatar mai yin waɗannan biyun a gaɓa, kuma ta nan yawancinmu muka samu shiga jirgi. Idan ka tace makarantu biyu ko uku, ka turo min jerin darussansu mu duba tare. Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a karatun.